Yadda Ake Auna Ƙarfin Riƙo Tsakanin Mai Masauki da Baƙo a Ilimin Sinadarai

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin haɗa magunguna a nan Samaru. Ina aiki a kan wani magani da ba ya narkewa sosai a ruwa, ina haɗa shi da beta-saikulodekstirin, an ce in fitar da K, wato ma'aunin ƙarfin riƙonsu. Na yi amfani da na'urar UV, mai auna hasken da ruwan ke shanyewa. Maganin maikuromola 20 ne, saikulodekstirin kuma daga sifili zuwa milimola 0.5. Na zana layin Benesi da Hildebrand, ya miƙe sak, R², wato ma'aunin dacewar ɗigo da layi wanda iyakarsa 1 ne, ya ba ni 0.998. To amma karon farko K ya fito 240, da na maimaita sai ya fito 900. Wanne zan rubuta? Kuma dole ne sai na samu na'urar ITC mai auna zafi kafin a yarda da aikina?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki rubuta ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Ba hannunki ne ya yi kuskure ba, ba kuma na'urar ce ta lalace ba. Tsarin gwajin ne bai kai inda K yake bayyana kansa ba, kuma gyaran ba zai ci miki fiye da mako ɗaya ba. Na ji daɗi da kika maimaita, domin da yawa da zarar sun ga 0.998 sai su rufe littafi.

Bari mu fara daga abin da lambar take nufi. Saikulodekstirin daga sitaci ake samunsa, irin na masara ko rogo. Nau'in beta zobe ne na sukarin gulukos guda bakwai, alfa shida, gama takwas. Siffarsa kamar bokiti marar gindi: bayansa yana jituwa da ruwa, cikinsa kuma ya fi karɓar abin da ke gudun ruwa. Shi ne mai masauki, maganinki shi ne baƙo. Donald Cram na Jami'ar Kalifoniya ne ya yaɗa waɗannan sunaye biyu, shi ne kuma ya raba kyautar Nobel ta 1987 da Charles Pedersen da Jean-Marie Lehn a kan wannan fanni. Babu wani ɗauri na dindindin tsakanin su biyun. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, a nan ma haka abin yake: yana shiga yana fita ba iyaka a cikin daƙiƙa guda. Abin da muke aunawa shi ne, a kowane lokaci, baƙi nawa ne ke ciki, nawa ne ke waje.

Idan M mai masauki ne, B baƙo, MB kuma haɗinsu, to K = [MB] ÷ ([M] × [B]), inda [M] da [B] suke nufin kaurin waɗanda ke zaune su kaɗai, wato mol nawa ne a cikin lita (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne; milimola kashi ɗaya cikin dubu na mol a lita, maikuromola kashi ɗaya cikin miliyan). Ga abin da nake so ki riƙe a ka: idan kika juya K, kika ɗauki 1/K, kin samu kaurin mai masaukin da zai sa rabin baƙi su shige ciki. In K 1,000 ne, milimola 1 na mai masauki ke kama rabi. Kashi 20 cikin ɗari yana bukatar milimola 0.25, kashi 80 yana bukatar milimola 4, kashi 90 kuwa sai milimola 9. Kin ga farkon tafiyar da sauri take, ƙarshenta da nawa. In kika zana canjin da na'ura ta gani a kan kaurin mai masauki, layin zai tashi tsaye, ya fara lanƙwasa, sannan ya kwanta. K a cikin lanƙwasar nan yake. Wanda bai ga lanƙwasa ba bai ga K ba.

Yanzu saka lambobinki. A milimola 0.5, in K 240 ne, kashi 11 cikin ɗari na maganin kawai ya shiga. In 900 ne, kashi 31. Ke nan duk gwajinki a ƙafar tudun kika yi shi, inda layin yake kusan miƙaƙƙe. A wannan wurin abu ɗaya kawai bayananki za su iya faɗa miki: sakamakon ninka K da iyakar canjin da za a samu in duk maganin ya shige. Ƙaramin K da babban canji, ko babban K da ƙaramin canji, duk hoto ɗaya suke bayarwa a ƙafar tudu. Shi ya sa tun shekarun 1960 masana irin su Person da Deranleau suka nuna cewa ma'aunai masu amfani su ne waɗanda suka faɗa tsakanin kashi 20 da kashi 80 na cika.

Sai batun layin da ya miƙe. Benesi da Hildebrand sun fito da dabararsu a 1949, suna nazarin yadda aidin ke haɗuwa da benzin da danginsa. A zamanin babu kwamfuta a kan tebur, sai takardar zane da rula, don haka juya lissafi ya zama miƙaƙƙen layi, wato a zana 1 ÷ canji a kan 1 ÷ kaurin mai masauki, babbar hikima ce. Amma juyawar tana da tsada. Ki ɗauka na'urarki tana iya kuskuren 0.002 a kowane karatu, wanda ba abin kunya ba ne ga kowace na'ura. In canjin da kika gani 0.100 ne, juyinsa yana tsakanin 9.8 da 10.2. In kuwa canjin 0.010 ne, juyinsa yana iya zama 83, yana iya zama 125. Ma'aunan da suka fi rauni, na farkon gwaji, su ne suke komawa can ƙarshen zane suna jan layin duk inda suka ga dama. K kuma ana samunsa ne ta hanyar raba mahaɗar layin da gangarensa, mahaɗar nan kuwa 'yar ƙaramar lamba ce kusa da sifili, motsi kaɗan ya ninka ta uku. Daga nan 240 da 900 suka fito. R² ba zai tona wannan ba, domin ɗigo biyu ko uku da suka yi nisa da sauran sun isa su ba shi 0.99.

Ga yadda zan so ki sake shi. Ki haɗa mililita 100 na maganin a maikuromola 20 a cikin ruwan bafa, wato ruwan da ke tsayar da pH (ma'aunin tsamin ruwa) wuri ɗaya, mai pH ɗin da kika zaɓa. Daga cikin wannan ruwan, ba daga ruwa zalla ba, ki ɗebi mililita 25 ki narkar da saikulodekstirin a ciki har milimola 12. Amfanin haka shi ne duk yadda kika gauraya ruwan biyu, kaurin maganin ba ya canjawa, ba sai kin yi ta gyaran lissafi saboda tsarma ba. Ki jera kwalabe 15 zuwa 20, ki yawaita su a ƙasa da milimola 3 inda layin ke sauri, sauran ki baza su har 12. A milimola 10, K na 240 zai ba da kashi 71, na 900 zai ba da kashi 90, kuma wannan bambanci da ido ma za ki gan shi a zane. Ba za ki wuce nan da yawa ba, saboda beta-saikulodekstirin gram 18.5 kawai ke narkewa a litar ruwa a digiri 25, kimanin milimola 16. In K ya zama ƙasa da 100, wannan rufin zai hana ki kaiwa lanƙwasa, sai dai ki koma ga nau'in da aka liƙa wa haidiroksifurofil, wanda ke narkewa sosai. Amma ki sani shi wani mai masaukin ne daban, K ɗinsa nasa ne.

Akwai wani tarko a kan sikeli da na taɓa faɗawa, ya ci mini makonni. Farin garin da ke cikin kwalbar ba saikulodekstirin ne zalla ba, yana ɗauke da ruwa a jikinsa, sau da yawa fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa. Nauyin mol ɗaya na busasshensa gram 1,135 ne, don haka milimola 12 a mililita 25 yana bukatar gram 0.34. In garin yana da ruwa kashi 13, sai kin auna gram 0.39 kafin ki samu hakan. Wanda ya manta da wannan, duk K ɗinsa zai karkace da kusan wannan gwargwado, kuma babu zanen da zai nuna masa. Ki ɗebi kaɗan ki auna, ki busar a tanda a ɗan sama da digiri 100 har nauyi ya daina sauka, ki sake aunawa. Kwalbar da aka bari a buɗe a watan Agusta ba daidai take da wadda ta sha iskar hunturu ba.

Tunda an ambaci hunturu, zafin ɗaki ba ƙaramin abu ba ne a Zariya. Yawancin irin wannan haɗi yana fitar da zafi, don haka yana sassautawa in ɗaki ya ɗumama. A ce shigar baƙon tana fitar da kilojul 30 a kowane mol. Daga digiri 20, kamar safiyar Janairu, zuwa digiri 35, kamar azahar ɗin Afrilu a ɗakin da aka ɗauke wuta, K zai sauka zuwa kusan rabi. In na'urarki ba ta da abin daidaita zafi, ki ajiye kwalaben a kwanon ruwa mai tsayayyen zafi, ki karanta da sauri, ki rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna a daidai lokacin. Kada ki rubuta 25 don kawai kowa 25 yake rubutawa.

Bayan kin samu karatun, kada ki juya komai. Ki bar kwamfuta ta ɗora lanƙwasasshen layin kai tsaye a kan ma'aunanki. Lissafin haɗin ɗaya-da-ɗaya shi ne [MB] = ½ × (S − √(S² − 4 × M₀ × B₀)), inda S = M₀ + B₀ + 1/K, M₀ da B₀ kuma jimillar abin da kika zuba. Canjin da ake hasashe shi ne iyakar canji sau [MB] ÷ B₀. Solver na Excel zai yi ta motsa K da iyakar canjin har tazarar hasashe da karatu ta yi ƙanƙanta. Akwai kuma Bindfit, manhaja ta kyauta a intanet daga rukunin Pall Thordarson na Ostireliya, wanda bayaninsa na 2011 a kan wannan aiki ya zama abin da kusan kowa a fannin ke komawa gare shi. In an gama, ki zana ragowar, wato tazarar kowane ɗigo daga layin. In sun warwatse sama da ƙasa ba tsari, alhamdulillahi. In sun yi baka ko sun yi siffar maciji, to zaton ɗaya-da-ɗaya bai dace ba, wataƙila masu masauki biyu ke rufe baƙo ɗaya, ko maganin yana dunƙulewa da kansa. Ki duba kuma ko duk layukan hasken da kika ɗauka suna ratsa wuri ɗaya. In suna yi, alama ce mai kyau cewa nau'i biyu ne kawai ke musanya, ko da yake ba hujja ce yankakkiya ba.

Za a ce miki ki yi zanen Job, inda ake sauya rabon mai masauki da baƙo ba tare da canja jimillarsu ba, don tabbatar da adadin kowannensu a haɗin. Dabara ce ta 1928, kuma a 2016 an wallafa bincike fiye da ɗaya da ya nuna tana yawan ɓatar da mutane in haɗin ya wuce iri ɗaya a cikin ruwan. In mai duba aikinki ya nema, ki yi masa cikin ladabi, amma hujjarki ta tsaya a kan gwada tsarin 1:1 da 1:2 da 2:1 a kan bayanai ɗaya. Ki yi hattara a nan: tsarin da ya fi yawan lambobin motsawa kullum zai fi dacewa da ɗigo. Sai ya gyara ragowar ƙwarai, kuma ya ba da amsa iri ɗaya a maimaici uku, kafin ki karɓe shi. Maimaici kuma yana nufin sabon awo da sabon ruwa tun daga sikeli, ba karanta kwalba ɗaya sau uku ba.

Game da ITC, a'a, ba dole ba ne. Na'ura ce mai kyau: tana ɗiga baƙo kaɗan-kaɗan a cikin ruwan mai masauki tana auna ɗan zafin da ke fita, a gwaji ɗaya ta ba ki K da yawan zafin da adadin baƙi a kowane masauki. Amma ita ma dokar lanƙwasa ta hau kanta. Wiseman da abokan aikinsa sun nuna a 1989 cewa K sau kaurin abin da ke cikin na'urar ya kamata ya kasance tsakanin 1 da 1,000. Kowace hanya da tagarta. NMR, na'urar da ke leƙa tsarin sinadari da maganaɗisu, tana aiki da kauri wajen milimola, don haka ta fi dacewa da K daga goma zuwa dubu goma ko sama kaɗan, kuma ita ce ke nuna wane ɓangare na baƙon ne ya shige ciki. UV tana aiki da maikuromola, tana kaiwa wajen miliyan. Hasken da sinadari ke mayarwa bayan an haska shi yana wuce nan. Matsalar riƙo mai tsanani ita ce kishiyar taki: duk baƙon da aka zuba nan take yake shigewa, layin ya tashi sak ya karye a kusurwa, babu lanƙwasa. Abin da za ki iya cewa a nan kawai shi ne K ya fi kaza.

Ga mai haɗa magunguna akwai hanyar da ta fi kusa da bukatarki, ta Higuchi da Connors ta 1965. Ki zuba maganin fiye da abin da zai narke a kwalabe masu kaurin saikulodekstirin daban-daban, ki girgiza a tsayayyen zafi kwana biyu ko uku har narkewar ta tsaya, ki tace, ki auna abin da ya narke. In layin ya miƙe kuma gangarensa bai kai 1 ba, K = gangare ÷ (S₀ × (1 − gangare)), S₀ kuwa shi ne narkewar maganin shi kaɗai. Rauninta a S₀ yake, domin maganin da da ƙyar yake narkewa da ƙyar ake auna S₀ ɗinsa daidai. In wannan hanya da ta UV suka ba ki amsoshi masu kusanci, kin fi mai ITC ɗaya da bai maimaita ba ƙarfin hujja.

Kafin ki taɓa maganinki mai tsada, ki gwada hannunki da finolftalin, wanda babu ɗakin gwajin sakandaren da ba shi da shi. A bafan kabonet mai pH 10.5 launinsa ja ne mai haske. Ki ɗiga beta-saikulodekstirin ki ga launin yana kodewa a gaban idonki, saboda in ya shige cikin zoben yana komawa siffarsa marar launi. Ki bi shi da na'urarki a haske mai tsayin zango nanomita 550. Idan kuma kika zuba wani baƙon da ya ture shi ya fito, jan ya dawo, kuma daga yawan dawowar ake lissafa K na baƙon da ba shi da launi ko kaɗan. Ki rage etanol ɗin da kika narkar da finolftalin a ciki iyakar iyawa, domin shi ma yana neman wuri a cikin zoben.

Wannan turereniya ita ce hanyar da ake auna riƙon da ya fi ƙarfin kowace na'ura. Akwai wani mai masauki, kukurbituril, wanda aka sa wa suna daga dangin kabewa saboda siffarsa. Behrend ya fara haɗa shi a Jamus a 1905, ba a gane siffarsa ba sai 1981 a hannun Mock, sannan rukunin Kimoon Kim na Koriya ta Kudu ya fito da mai gaɓa bakwai a zobensa a 2000. A 2014 Lyle Isaacs da abokan aikinsa suka ba da rahoton baƙon da wannan mai bakwai ɗin ke riƙewa da K na 7.2 × 10¹⁷, sama da riƙon furotin abidin da bitamin bayotin, wajen 10¹⁵, da ake buga misali da shi a jikin halitta. Ba kai tsaye suka auna ba. Tsani suka yi: baƙo mai rauni da aka auna kai tsaye, sai wanda ya fi shi ya ture shi, sai na gaba, kowane mataki yana ɗauke da kuskuren na ƙasa da shi. Kuma da aka auna a ruwa mai gishirin sodiyam milimola 50, lambar ta sauka zuwa wajen 2 × 10¹⁵, saboda sodiyam yana zama a bakin ƙofar. Haka zoben 18-kirawun-6, daga dangin da Pedersen ya bayyana a 1967, yake riƙe fotasiyam da K wajen miliyan ɗaya a metanol, amma wajen ɗari kacal a ruwa. Mai masauki ɗaya, baƙo ɗaya, bambanci ninki dubu goma. Kowane ninki goma a K daidai yake da kilojul 5.7 a mol a digiri 25, ƙarfin da bai wuce na ɗaurin haidirojin ɗaya mai rauni ba, shi ya sa ɗan canji a ruwan narkarwa ko gishiri ko pH yake girgiza lambar haka. In maganinki yana da ɓangaren asid ko alkali, siffarsa marar caji yawanci ta fi shiga saikulodekstirin, don haka K a pH 2 da K a pH 7.4 za su iya zama labari biyu.

Kada kuma ki yi baƙin ciki in naki ya fito 'yan ɗaruruwa. Yawancin magunguna da saikulodekstirin tsakanin ɗari da 'yan dubbai suke, kuma hakan ake so: ya riƙe maganin a kwalba ya narkar da shi, in an sha ruwan ciki ya tsarma shi ya sake shi. Inda ake neman riƙo mai tsanani daban ne. Sugamadeks, wanda aka gina a kan gama-saikulodekstirin, yana kama rokuroniyam, maganin da ke sassauta tsoka lokacin tiyata, da K wajen miliyan goma, ya janye shi daga jini har majiyyaci ya dawo da numfashin kansa. Turai ta amince da shi a 2008, Amurka a 2015.

In kin zo rubutawa, ki sa K tare da tazarar da maimaici uku suka nuna, lambobi biyu masu ma'ana sun isa, kamar 450 ± 60, ba 447.83 ba. Kusa da shi ki faɗi zafin, da bafan da kaurinsa, da pH, da ko akwai etanol ko wani abin narkarwa a ciki da yawansa, da ruwan da kika samu a garin, da kashi nawa na cika kika kai. Ki sa zanen ragowar a ƙarƙashin zanen layin. In kin gama zagayen farko har milimola 12, ki turo mini lambobin yadda suka fito daga na'ura, kafin ki taɓa su, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a, 'yata.